Zaɓen dandalin zamiya da masauki a tsaunukan Alps

Daga watan Disamba zuwa Afrilu na kowace shekara miliyoyin mutane ne ke tururuwa zuwa tsaunukan Alps na nahiyar Turai domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Da yawa daga cikinsu a ƙungiya suke zuwa, abokai ko ɗalibai ko ma'aikatan wuri guda, kuma yawancin abin da kan ɓata irin wannan tafiya tun a gida ake shuka shi, a lokacin da ake zaɓen dutsen da za a je da gidan da za a kwana.

Wasan iri biyu ne. Akwai siki, wanda mutum ke ɗaura dogon falanki a kowace ƙafa yana riƙe da sanduna biyu, akwai kuma wanda ake ɗaure ƙafafu biyu a kan allo guda mai faɗi, mutum ya tsaya a karkace ba tare da sanda ba, wanda a Turance ake kira snowboard. Wasan allo ƙane ne a wurin siki. Asalinsa na komawa ne ga shekara ta 1965, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Sherman Poppen a garin Muskegon na jihar Michigan ya haɗa falankin siki biyu wuri guda domin 'ya'yansa mata su yi wasa. A 1977 Jake Burton Carpenter ya kafa kamfaninsa na ƙera alluna a jihar Vermont, sa'annan a 1998 aka shigar da wasan cikin gasar Olympics ta hunturu a Nagano ta ƙasar Japan.

Wannan tarihi yana da tasiri a kan zaɓen wuri, saboda akasarin dandalin zamiya na Turai an tsara su ne tun kafin a san allo, wato domin masu siki. A Amurka ma akwai wurare uku da suka haramta allo ɗungurungum: Alta da Deer Valley a jihar Utah, da Mad River Glen a Vermont. Wasu masu wasan allo sun kai ƙarar Alta kotu a 2014, amma ba su yi nasara ba, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2016. A manyan dandalin Alps babu irin wannan haramci. Matsalar da ake fuskanta a can ta yanayin ƙasa ce da kuma na'urorin hawa.

Abin da mai allo ke gudu

Babban abokin gabar mai allo shi ne shimfiɗaɗɗen wuri. Mai siki idan ya iso inda gangara ta ƙare sai ya tura kansa da sanduna ya wuce. Mai allo kuwa ba shi da abin turawa, dole ya tsaya ya kwance ƙafa ɗaya ya riƙa ɗingishi, ko ya saɓa allon ya taka a ƙasa cikin dusar da kan kai gwiwa. A manyan dandali, inda ake haɗa kwari da kwari ta hanyar wasu siraran hanyoyi masu kewaye dutse, wannan kan faru sau da dama a yini, kuma a ƙungiyar da ta haɗa masu siki da masu allo shi ne mafarin gunaguni, domin kullum ɓangare guda ne ke jiran ɗaya. La Plagne ta Faransa, duk da kyaunta ga masu koyo, ta yi suna wajen irin waɗannan shimfiɗaɗɗun wurare.

Abu na biyu shi ne na'urar da ke kai mutane sama. Kujerun da ke rataye a igiyar ƙarfe da kuma rufaffun akwatuna masu ɗaukar mutane da yawa ba su da wahala ga kowa. Amma akwai tsohuwar na'ura mai jan mutum a tsaye yana zamewa a ƙasa, wadda ake saƙala ƙugiyarta tsakanin ƙafafu ko a bayan cinya. An ƙera ta ne domin wanda ke fuskantar gaba, saboda haka wanda ke tsaye a karkace da ƙafa ɗaya a kwance yakan sha faɗuwa kafin ya saba. Taswirar kowane dandali tana nuna irin na'urorin da ke cikinsa, kuma minti goma da aka ɓata wajen ƙirga su a intanet kafin biyan kuɗi ba asara ba ce. Ƙananan dandali masu araha, da kuma waɗanda ke kan daskararriyar ƙanƙarar ƙololuwa, su ne suka fi yawan na'urorin ja.

Ana rarraba hanyoyin gangara da launi gwargwadon wahalarsu. A Faransa kore shi ne mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi. A Ostiriya da Suwizalan galibi daga shuɗi ake farawa. Sai dai babu wani ma'auni guda da ya ɗaure kowa, kowane dandali shi ke yi wa hanyoyinsa launi, ta yadda shuɗin St Anton ta Ostiriya ko Val d'Isère ta Faransa kan yi daidai da jan wani wuri. Wani abin lura kuma shi ne, hanyar da aka yi wa kore ba lallai ta zama mai daɗi ga mai koyon allo ba, tunda sau da yawa siririyar hanya ce marar gangara. Faffaɗan shuɗi mai gangara daidai wa daida ya fi masa amfani.

Tsawo da lokaci

A 'yan shekarun nan tambayar farko da ake yi ita ce ko za a tarar da dusar ƙanƙarar ma. A ƙarshen Disamban 2022 da farkon Janairun 2023 an yi wani ɗumi da ba a saba gani ba a Turai, har wurare da dama da ke ƙasa-ƙasa suka rufe hanyoyinsu, hotunan tsaunuka masu koren ciyawa suka cika jaridu. Wani bincike da mujallar Nature Climate Change ta buga a 2023, wanda ya duba dandali 2,234 a ƙasashen Turai 28, ya nuna cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 2 a ma'aunin Celsius, kashi 53 cikin ɗari na wuraren za su shiga haɗari mai tsanani na ƙarancin dusar ƙanƙara muddin ba a yi amfani da injinan ƙera ta ba, idan kuma ta kai digiri 4 adadin zai kai kashi 98.

A sakamakon haka ƙungiyar da ke shirin tafiya a farkon lokaci ko ƙarshensa ta fi samun kwanciyar hankali a wurare masu tsawo. Val Thorens, wadda ke kan mita 2,300, ita ce garin zamiya mafi tsawo a Turai, takan buɗe a ƙarshen Nuwamba ta kai farkon Mayu. Tignes tana kan mita 2,100, kuma tana da daskararriyar ƙanƙara ta Grande Motte a samanta. A Ostiriya akwai Hintertux, inda ake zamiya kusan duk shekara. Amma tsawo ma yana da nasa farashin. A sama da iyakar da itatuwa ke tsirowa, ranar da hazo ya sauka sama da ƙasa sukan haɗe su zama fari fat, mutum ba ya gane tudu daga kwari, sa'annan iska mai ƙarfi kan sa a rufe na'urorin hawa. A irin wannan rana wanda ke da daji a kusa shi ne ya ci riba, domin itatuwa na tare iska suna kuma nuna wa ido hanya. Ga wanda ya taso daga ƙasa mai zafi da ke kusa da matakin teku, kwana a mita 2,300 kan zo da ciwon kai da rashin barci a dare ɗaya ko biyu na farko.

Dangane da lokaci kuwa, makon Kirsimeti da na sabuwar shekara da kuma watan Fabrairu su ne mafiya tsada da cunkoso. Faransa ta raba makarantunta shiyya uku, kowace da nata makonnin hutu, ta yadda hutun hunturu kan mamaye kusan makonni huɗu daga Fabrairu zuwa farkon Maris, ga kuma hutun makarantun Birtaniya da na wasu ƙasashe da ke faɗowa a tsakiya. Makonnin tsakiyar Janairu sun fi araha, layi ya fi gajarta, sai dai sanyi ya fi tsanani kuma rana ba ta daɗewa. Rabin Maris na biyu yana da dogon yini da hasken rana, dusar takan yi laushi da la'asar, abin da masu allo suka fi jurewa fiye da masu siki.

Girman dandali

Kamfanonin dandali suna tallata kansu ne da yawan kilomita. Les Trois Vallées, wadda ta haɗa Courchevel da Méribel da Les Menuires da Val Thorens, tana da'awar kilomita 600. Paradiski tana da'awar 425, tun bayan da aka haɗa La Plagne da Les Arcs a Disamban 2003 da wata na'ura mai hawa biyu da ake kira Vanoise Express. Tignes da Val d'Isère a haɗe suna da 300, Ski Arlberg ta Ostiriya tana da kimanin 300 ita ma. Ya kamata a karɓi waɗannan alƙaluma da taka-tsantsan. Wani Bajamushe masanin taswira, Christoph Schrahe, ya auna hanyoyin dandali da dama ya tarar cewa wasunsu suna kumbura adadin, a wani lokaci ta hanyar lissafa zirga-zirgar da mai zamiya ke yi dama da hagu a maimakon tsawon hanyar kanta.

A haƙiƙa ma dai ƙungiyar da rabinta masu koyo ne ba ta da abin yi da kilomita 600. Katin hawa na kwana shida a manyan wuraren Faransa ya zarce Euro 300 ga babban mutum, alhali wanda ya fara ɗaura allo jiya zai ƙare makonsa ne a kan hanyoyi uku ko huɗu. Yawancin wurare suna sayar da ƙaramin kati na kwari ɗaya, wasu ma suna da na'urorin masu koyo kyauta a gindin dutse. Abin da ya fi girma muhimmanci ga ƙungiya mai gauraye shi ne siffar wurin: a ce hanyoyi masu wuya da masu sauƙi duk suna saukowa a fili guda, inda kowa zai iya haɗuwa da tsakar rana. Val Thorens da Avoriaz suna da wannan siffa. Chamonix, wadda ta karɓi gasar Olympics ta hunturu ta farko a 1924, kishiyar haka ce, domin duwatsunta a warwatse suke a tsawon kwarin, sai an shiga bas ko jirgin ƙasa daga wannan zuwa wancan. Aljannar gwanaye ce, amma ƙungiyar da ta je can da masu koyo takan rabu da safe ba ta sake haɗuwa sai dare.

Waɗanda burinsu tsalle-tsalle ne sukan nufi Laax a Suwizalan, mai wani katafaren rami mai siffar rabin bututu wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 200, ko Mayrhofen a Ostiriya, ko Avoriaz, wadda ke cikin wuraren farko a Faransa da suka rungumi masu allo, ko kuma Livigno ta Italiya, garin da aka zaɓa domin gasannin allo na Olympics ɗin 2026. Suwizalan ba ta amfani da Euro, kuɗinta faran ne, kuma abinci da masauki sun fi tsada a can.

Masauki

A nan ne rabin kuɗin tafiya ke tafiya, a nan ne kuma zumunci kan gamu da jarrabawa.

Mafi araha a Faransa shi ne ɗakin haya da mutane ke girka wa kansu. Garuruwa irin su Les Menuires da La Plagne da Tignes an gina akasarinsu ne a shekarun 1960 da 1970 a ƙarƙashin wani shiri na gwamnati, da dogayen benaye masu ƙananan ɗakuna. Idan talla ta ce ɗaki yana ɗaukar mutum huɗu, sau da yawa ana nufin wuri ne da bai wuce murabba'in mita 25 ba, biyu a gado mai hawa a cikin lungun shiga, biyu a kan kujerar falo da ake buɗewa da dare. Manya huɗu da jiƙaƙƙun kaya da takalma da jakunkuna ba za su yi mako guda a nan cikin daɗin rai ba. Abin da waɗanda suka saba ke yi shi ne su rage biyu daga adadin da aka rubuta, wato mutum shida su nemi gidan mutum takwas, su kuma ƙirga banɗaki kafin su ƙirga gado. Araha ba ta ado: zanin gado da tawul da sharar ƙarshen mako galibi kuɗinsu daban ne, ga harajin baƙi da ake biya a kan kowane mutum kowane dare, ga kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa har sai ya duba ɗakin.

Sai kuma gidan katako da ake kira shale, wanda ƙungiya ke kamawa gaba ɗaya tare da masu girki, al'adar da 'yan Birtaniya suka yaɗa a Méribel da Val d'Isère da Morzine. Akan ba da karin kumallo da shayin la'asar da abincin dare, in ban da dare ɗaya ko biyu da ma'aikata ke hutawa. Ga mutum goma ko goma sha biyu wannan yana kawar da rigimar wa zai yi cefane, wa zai wanke kwano. Irin waɗannan gidaje sun ragu kuma sun ƙara tsada tun daga 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta sa ɗauko ma'aikata daga can ya yi wuya. A Ostiriya abin da aka fi sani shi ne ƙananan otal-otal da gidajen baƙi na iyali, masu ba da karin kumallo da abincin dare. A Faransa kuma akwai ƙungiyar UCPA, wadda aka kafa a 1965 ba domin riba ba, tana haɗa wa matasa gado da abinci da kati da kayan wasa da darasi a farashi guda, da sharaɗin a kwana da yawa a ɗaki.

Abincin yankin ya dogara ne ƙwarai a kan cuku da dankali da naman alade, wanda kan shiga har cikin girkin da ba a zata ba. Wanda ba ya cin sa gara ya sanar da masu girki a rubuce tun lokacin kama gida, ko ƙungiya ta zaɓi wurin da za ta dafa da kanta.

Nisa tsakanin ƙofa da na'urar hawa ya fi kyan ɗaki muhimmanci. Kalmar "kusa da gangara" a bakin mai talla tana iya nufin mita 50, tana iya nufin mita 500 na hawan tudu a kan hanya mai santsi. A nan masu allo suna da sa'a, domin takalminsu mai laushi ne ana iya tafiya da shi, ba kamar na siki mai tauri ba. Ana kuma samun rahusa sosai a garuruwan ƙasan kwari. Brides-les-Bains, wadda ke kan mita 600 kuma ta zama ƙauyen 'yan wasa a gasar Albertville ta 1992, tana haɗe da Méribel ta na'urar igiya mai ɗaukar kusan rabin sa'a. Bourg-Saint-Maurice tana da ƙaramin jirgi mai hawa dutse da ke kai mutum Les Arcs cikin 'yan mintoci. Illar ita ce duk wanda ya makara da yamma har aka rufe na'ura, sai ya nemi tasi, kuma tasin tsauni ba ta da sauƙi.

Akwai kuma batun hayaniya. St Anton da Ischgl sun shahara da shagulgulan yamma da na dare, abin da ke jawo wasu yana kuma korar wasu. Ƙungiyar da ba ta tattauna wannan a fili ba tun farko takan gano saɓanin ra'ayinta ne da ƙarfe biyun dare.

Hanya, takardu da inshora

Filin jirgin saman Geneva shi ne babbar ƙofar shiga arewacin Alps na Faransa. Daga can zuwa Chamonix ko Morzine tafiyar sa'a ɗaya da 'yan kai ce, zuwa Val Thorens ko Tignes kuwa kimanin sa'o'i uku, idan hanya ta yi kyau. Ga Ostiriya akwai Innsbruck da Salzburg da Munich. Kamfanonin jiragen sama galibi suna cajin jakar allo daban, don haka mai koyo ya fi samun sauƙi idan ya yi haya a can. Wanda zai tuƙa mota ya sani cewa tun daga 2021 dokar Faransa ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙar taya a yankunan tsaunuka daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Faransa da Ostiriya da Italiya da Suwizalan duk suna cikin yankin Schengen, biza guda ta wadatar. Masu fasfon Nijeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru suna buƙatar ta, kuma daga cikin sharuɗɗanta akwai shaidar masauki da inshorar lafiya ta aƙalla Euro 30,000. Wannan na nufin sai an kama gida kafin a san ko za a samu bizar, saboda haka sharaɗin mayar da kuɗi idan an fasa ya cancanci a karanta shi da kyau. Haka nan inshorar da ta isa neman biza ba lallai ta ƙunshi wasannin hunturu ba. A Faransa ɗauko wanda ya ji rauni daga kan gangara ba kyauta ba ne, ɗaruruwan Euro ne, idan da helikwafta ne kuma ya shiga dubbai. A yankin Savoie ana sayar da wata inshora mai suna Carré Neige tare da katin hawa a kan 'yan Euro kaɗan a rana. Italiya ta wajabta wa kowane mai zamiya inshorar biyan diyyar wanda ya buge tun daga Janairun 2022, ta kuma faɗaɗa dokar sanya hular kwano ta shafi manya a 2025.

Raunin da ya fi samun masu koyon allo shi ne na wuyan hannu, saboda da tafin hannu ake tare faɗuwa, akwai kuma kariya ta musamman da ake sanyawa a ƙarƙashin safar hannu. Darasi daga ƙwararren malami ya fi koyarwar aboki, kuma a makonnin cunkoso guraben makarantu irin su ESF ta Faransa kan cika tun makonni kafin lokaci.

Haɗari mafi girma yana wajen hanyoyin da aka shata ne. Allo yana yawo a kan sabuwar dusa mai laushi cikin sauƙi, wannan ke jan masu shi su ƙetare igiyar iyaka tun ba su san dutse ba. Ƙasashen Turai suna auna haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara daga mataki na 1 zuwa na 5, ana kuma liƙa matakin kowace rana a gindin na'urorin hawa. Yawancin haɗurran da ke kashe masu wasa suna faruwa ne a mataki na 3, lokacin da mutane ke ganin kamar abin bai kai na tsoro ba. Wanda dusa ta binne damar tsirarsa tana raguwa matuƙa bayan kimanin minti 15, wato abokan tafiyarsa ne za su tono shi, ba ma'aikatan ceto ba. Don haka ba a fita sai da na'urar gano wanda aka binne da shebur da sandar bincike a jikin kowa, da kuma jagora ɗan wurin. Lambar neman agaji a duk faɗin Tarayyar Turai ita ce 112.

Kuɗin ƙungiya

Galibi mutum ɗaya ne ke kama gida da sunansa, shi ne kuma doka ta sani idan wani ya janye. Ƙungiyoyin da suka daɗe suna wannan tafiya sukan karɓi kason kowa na kafin alƙalami kafin a sa hannu, su kuma amince tun da wuri cewa wanda ya fasa shi zai nemo madadinsa ko ya biya. Rabon ɗakuna ma gara a gama shi a gida, tare da rage wa wanda zai kwana a falo kuɗi.

A Faransa yawancin gidajen haya daga Asabar zuwa Asabar ake bayar da su. Ana fita da misalin ƙarfe goma na safe, sababbin baƙi kuma ba sa samun makulli sai wajen huɗu ko biyar na yamma, ta yadda a ranar ce dubban motoci masu sauka da masu hawa ke haɗuwa a hanya guda ta kwarin Tarentaise, tsakanin Albertville da Moûtiers. A Asabar ɗin Fabrairu tafiyar sa'o'i uku kan koma biyar ko shida. Wanda jirginsa zai tashi daga Geneva da tsakar rana a irin wannan rana, tun da asuba ya kamata ya bar dutse.